Girkin Lahadi, Cin Alhamis: Lissafin Awa, Digiri da Wuta a GRA ta Katsina

Mutum miliyan 600 ne ke kwantawa ciwo a kowace shekara ta dalilin abin da suka ci, wato kusan mutum ɗaya cikin goma na al'ummar duniya, kuma 420,000 daga cikinsu ke rasuwa. Wannan ƙiyasi ne na Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, wanda ta fitar a watan Disamba na 2015 bayan nazarin nau'i 31 na ƙwayoyin cuta, tsutsotsi da guba. Adadin ya haɗa komai, tun daga ruwan girki da naman da bai dahu ba har zuwa abincin bakin titi, kuma bai ware kason abincin da aka dafa aka ajiye ba. Sai dai cikin ƙa'idoji biyar da hukumar ta shimfiɗa don kare abinci, biyu a kan zafi suke magana: a dafa har ya dahu, a kuma ajiye a ma'aunin da ya dace.

Kason Afirka a wannan ƙiyasi mutum miliyan 91 ne masu kamuwa, da 137,000 masu rasuwa. Nahiyar ke nan na ɗauke da kimanin kashi 15 cikin 100 na masu ciwon, amma kusan kashi 33 cikin 100 na mamatan. A duniya baki ɗaya, mutum ɗaya ke rasuwa cikin kimanin 1,430 da suka kamu. A Afirka, ɗaya ne cikin kimanin 660.

Yara 'yan ƙasa da shekara biyar su ne 125,000 daga cikin mamatan, kashi 30 cikin 100, alhali kashi 9 cikin 100 kawai suke na yawan jama'a. A gidan Bahaushe, yaron da aka yaye daga tukunyar da manya suka ci ake zuba masa, kuma sau da yawa shi ke fara cin ɗumame da safe.

Abincin dare biyar ne tsakanin Litinin da Juma'a, kuma a kansu ne tsarin girkin mako ya ginu. GRA ta Katsina, wadda tun asali aka keɓe wa ma'aikatan gwamnati, ta faɗaɗa bayan da birnin ya zama hedikwatar jiha a 1987. A gidajen da miji da mata duk ke fita aiki, ko a sakatariyar jiha, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya, ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko bankuna, tazarar da ke tsakanin dawowa gida bayan la'asar da kiran magariba ba ta isa a yi cefane, a kai markaɗe, a soya nama, a tuƙa tuwo ba. Mafitar da aka saba ita ce a yi cefanen mako a Babbar Kasuwa ranar Asabar, a ɗora babbar tukunya ranar Lahadi, a riƙa ɗiba har ƙarshen mako. Abin lissafi shi ne dare nawa cikin biyar ɗin tukunyar za ta iya kaiwa.

Kuɗi ma na tura gidaje zuwa ga wannan tsari. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, NBS, kan yadda gidaje suka kashe kuɗi a 2019 ya nuna kashi 56.65 cikin 100 ya tafi ga abinci, daga jimillar kimanin naira tiriliyan 40. A watan Yuni na 2024, hukumar ta auna hauhawar farashin abinci a kan kashi 40.87 cikin 100. A bisa wannan ma'auni, cefanen da ya ci naira 10,000 a Yunin 2023 ya koma kimanin naira 14,100 bayan wata goma sha biyu. Sayen kwandon tumatir lokaci guda ya fi sayen kashi-kashi sauƙi, amma ribar tana nan ne kawai idan ba a zubar da komai ba.

Kilo 113 ne abincin da ake zubarwa daga gidajen Najeriya a kan kowane mutum a shekara, a ƙiyasin da Shirin Muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNEP, ya wallafa a 2024. Matsakaicin duniya kilo 79 ne, don haka Najeriya ta ɗara shi da kimanin kashi 43 cikin 100. Ga gida mai mutum shida, lissafin ya kama kilo 678 a shekara, ko kilo 13 a mako. Adadin ya haɗa da ɓawo da ƙashi, ba abin ci zalla ba ne. Rahoton da shirin ya fitar a 2021 ya ba Najeriya kilo 189, kuma faɗuwar kashi 40 cikin 100 a tsakanin rahotannin biyu ta fi nuna sauyin bayanan da aka dogara da su a kan sauyin halin magidanta. Rahoton na 2024 ya lura cewa ƙasashe masu zafi sun fi zubar da abinci a gida, ya kuma ambaci ƙarancin hanyoyin sanyaya abinci cikin abubuwan da ka iya jawo hakan.

Digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin Selsiyos su ne iyakoki biyu da WHO ta gindaya. Ƙasa da 5, hayayyafar ƙwayoyin cuta tana raguwa ko ta tsaya. Sama da 60 ma haka. A tsakani akwai tazarar digiri 55, kuma duk zafin da ɗakin girki a Katsina ke iya kaiwa a cikinta yake. A watannin Afrilu da Mayu, zafin rana a birnin yakan kai digiri 38 zuwa 40. A tsakiyar hunturu, cikin Janairu, sanyin asuba yakan sauka zuwa wajen digiri 13, wanda ya ɗara iyakar da digiri 8. Babu watan da iskar gari ke yin aikin firji.

Minti 20 ne lokacin da ƙwayar cuta ke iya ɗauka kafin ta ninka kanta a cikin wannan tazara, in ji Ma'aikatar Noma ta Amurka, USDA. A bisa lissafi, ƙwaya ɗaya na zama 64 cikin awa biyu, 4,096 cikin awa huɗu, fiye da miliyan biyu cikin awa bakwai. A tukunya ta gaske ninkin yakan ɗan jinkirta kafin ya kankama, kuma yakan lafa daga baya, amma lissafin ya bayyana dalilin da ya sa aka yanke ƙa'idar barin dafaffen abinci a fili a kan awa biyu. Daga awa ta biyu zuwa ta huɗu, adadin yana ƙaruwa sau 64.

Awa biyun nan ta wurin da ba shi da tsananin zafi ce. USDA ta rage ta zuwa awa ɗaya idan zafin wuri ya haura digiri 32. A Katsina, matsakaicin zafin rana yana haura 32 a mafi yawan watannin shekara, ban da Disamba, Janairu da tsakiyar damina, kuma ɗakin da aka kwashe awanni ana girki a ciki ya fi tsakar gida zafi. Miyar da aka sauke da ƙarfe biyu na ranar Lahadi a watan Afrilu ya kamata ta shiga sanyi kafin ƙarfe uku. Al'adar barin tukunya ta huce da kanta har yamma kafin a sa a firji tana cinye wannan wa'adi sau uku ko huɗu.

Digiri 21 na nuna inda gizo ke saƙar. Ƙa'idar Hukumar Abinci da Magunguna ta Amurka, FDA, ga masu gidajen abinci ita ce dafaffen abinci ya sauko daga digiri 57 zuwa 21 cikin awa biyu, sannan daga 21 zuwa 5 cikin ƙarin awa huɗu. A bazarar Katsina, iska ba ta sauka zuwa 21 ko da tsakar dare a yawancin kwanaki, don haka tukunyar da aka bari a fili ba za ta kai wannan mataki ba komai daɗewarta. Sanya ta ɗungurungum a firji ma bai warware matsalar ba, domin tsakiyar babbar tukunya na riƙe ɗumi tsawon awanni, tana kuma ɗumama abin da ta tarar a ciki. Ma'aunin da USDA ke bayarwa shi ne a raba abincin a robobi ko kwanuka waɗanda zurfin abin da ke ciki bai wuce santimita 5 ba. Tsoma gindin kwanon a ruwan randa ko ruwan ƙanƙara kafin a kai firji yana ƙara rage lokacin.

Kwana uku zuwa huɗu ne wa'adin dafaffen abinci a firji a wurin USDA. Hukumar Kula da Ingancin Abinci ta Birtaniya, FSA, ta tsaya a awa 48. Idan girkin na Lahadi ne, ma'aunin Birtaniya ya ɗauki daren Litinin da Talata, biyu cikin biyar, kashi 40 cikin 100. Na Amurka ya kai Laraba ko Alhamis, kashi 60 zuwa 80 cikin 100. Babu wanda ya kai Juma'a. Dukkan ma'aunan biyu kuwa sun ɗauka cewa firjin yana kan digiri 5 ko ƙasa da haka dare da rana ba yankewa, kuma wannan sharaɗi ne da ba a cika samu ba a yankin da Kamfanin Rarraba Wutar Lantarki na Kano, KEDCO, ke ba wuta, wato Kano, Katsina da Jigawa.

Awa huɗu firji ke riƙe sanyinsa bayan an ɗauke wuta, muddin ba a buɗe ƙofarsa ba. Wannan ma adadi ne na USDA da FDA. Hukumar Kula da Wutar Lantarki ta Najeriya, NERC, ta kasa masu amfani da wuta zuwa rukuni biyar bisa mafi ƙarancin awannin da za a ba su a rana: rukunin A awa 20, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Idan aka juya lissafin, rukunin A na iya rasa wuta awa 4 a rana, daidai da juriyar firji ba tare da rarar minti ɗaya ba. Rukunin B na iya rasa awa 8, C kuma 12. A mako mai awa 168, firjin da ke rukunin C na iya zama a kashe har awa 84, rabin mako cif. Rukuni ya danganta da layin da ke kawo wa gida wuta, don haka gidaje biyu a unguwa ɗaya na iya bambanta. Adadin kuma alkawari ne a takarda, kuma bai faɗi ko ɗaukewar a jere take zuwa ko a rarrabe ba. Ɗaukewar awa biyu sau huɗu a yini da ɗaukewar awa takwas a jere duk awa takwas ne a lissafin NERC, amma ta biyun ta ninka juriyar firji.

Shi kansa firjin yana da iyaka. A jikin takardar da ke manne a bayansa ko a cikinsa akwai harafin da ke nuna zafin ɗakin da aka ƙera shi ya jure. Mai alamar N yana aiki daidai har zuwa digiri 32, mai ST har 38, mai T har 43. Firjin gwanjo da aka ƙera don gidajen Turai na iya ɗauke da N ko SN, kuma a ɗakin girki mai digiri 38 yana aiki ne digiri 6 sama da iyakarsa. Ruwan da ya fito da sanyi a hannu ba shaida ba ne cewa cikin firjin ya kai digiri 5. Ƙaramin ma'aunin zafi da ake ratayawa a ciki ne kaɗai ke tabbatar da hakan.

Firiza ta fi juriya nesa ba kusa ba. Wadda take cike tana riƙe daskarewa awa 48 bayan ɗauke wuta, wadda take rabi awa 24, idan ba a buɗe ba. Cikakkiyar firiza ke nan ta ninka firji sau 12. A digiri 18 ƙasa da sifili, hayayyafar ƙwayoyin cuta tana tsayawa, kuma jadawalin hukumomin Amurka ya ba miya da romo wata biyu zuwa uku kafin ɗanɗanonsu ya fara raguwa. Bambancin awa 24 da 48 ya dogara ne ga yawan abin da ya daskare a ciki, saboda haka cike gurbin da ya rage da gorunan ruwa yana ninka wa'adin ba tare da an kashe ko kwabo ba. A bisa waɗannan alƙaluma, rabon da ya fi tsayawa a Katsina shi ne na Litinin da Talata a firji, na Laraba zuwa Juma'a a firiza, kowane dare da robarsa, don kada a narkar da abin da ba za a cinye ba.

Naira 209.50 aka mayar da kuɗin yunit ɗaya na wuta a rukunin A a watan Yuli na 2024. Kafin 3 ga Afrilu na shekarar, kuɗin bai kai naira 70 ba. A ranar NERC ta ɗaga shi zuwa 225, sannan ya sauko zuwa 206.80 a watan Mayu. Idan firiza na cin yunit ɗaya a rana, lissafin wata ya kama naira 6,285, kimanin kashi 9 cikin 100 na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka zartar a Yulin 2024. Cike giɓin wuta da janareto ya fi haka tsada, domin litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haura 1,000 a Abuja a Oktoban 2024.

A cikin wannan Oktoba ne awa 48 ta firiza ta gaza. Layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna yana a lalace sakamakon ɓarnar da aka yi masa, sai kuma layukan Ugwuaji zuwa Apir suka faɗi ranar 21 ga wata. Mafi yawan jihohin Arewa, har da Katsina, suka zauna babu wutar gwamnati fiye da mako guda. Mako awa 168 ne, ninki uku da rabi na juriyar cikakkiyar firiza. Gidan da ba shi da sola ko janareto ya rasa abin da ya tara tun a kwana na uku. Ƙa'idar USDA a irin wannan hali ita ce abincin da har yanzu akwai ƙanƙara a jikinsa ana iya sake daskarar da shi, wanda kuwa ya narke ya haura digiri 4 fiye da awa biyu sai a zubar.

Shinkafa ce ke da mafi gajartar wa'adi. Hukumar Kiwon Lafiya ta Birtaniya, NHS, ta ce a sanyaya ta cikin awa ɗaya, a ci ta cikin kwana ɗaya, kada kuma a ɗumama ta fiye da sau ɗaya. Dare ɗaya ke nan cikin biyar. Dalili shi ne ƙwayar Bacillus cereus, wadda ke zuwa a jikin ɗanyar shinkafa cikin wani ƙoƙo da tafasa ba ta kashewa. Idan dafaffiyar shinkafa ta jima cikin ɗumi, ƙwayar na farkawa ta saki gubar da ke sa amai cikin awa ɗaya zuwa biyar bayan an ci. Gwaje-gwajen ɗakin bincike sun nuna gubar na jure digiri 121 har minti 90. Ruwa a Katsina, wadda ke kimanin mita 500 sama da teku, yana tafasa ne a wajen digiri 98. Ɗumamawa ba ta kai ga gubar ba. Wannan ya shafi dafa-duka da tuwon shinkafa, kuma ƙwayar na rayuwa a taliya da sauran abincin hatsi. Tunda shinkafa da tuwo ba su cika wuce rabin awa zuwa awa ɗaya a wuta ba, miya ce ta cancanci girkin Lahadi, su kuwa a dafa su a darensu.

Miyar nama da romo suna da tasu ƙwayar, Clostridium perfringens, wadda Cibiyar Yaƙi da Cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙiyasta tana kwantar da kusan mutum miliyan ɗaya a shekara a ƙasar. Ita ma tafasa ba ta kashe ƙoƙonta, kuma a wajen digiri 43 zuwa 45 tana iya ninka kanta cikin kimanin minti 10, rabin lokacin da aka ambata a baya. Ciwon ciki da gudawa na bayyana awa 6 zuwa 24 bayan an ci, lokacin da ba a cika danganta shi da abincin jiya ba. Ba ta cika sauya ƙamshin miya ko ɗanɗanonta ba. Tsami da yauƙi da kumfa, waɗanda ake dubawa kafin a ce miya ta lalace, galibi aikin wasu ƙwayoyi ne dabam. Kular abinci da ake zuba wa maigida tun magariba ya ci bayan ƙarfe goma tana ratsa wannan mataki na digiri 45 a hanyarta ta hucewa, da zarar abin da ke ciki ya sauko ƙasa da 60.

Awa goma ce tsakanin isha'i da karin kumallo, kuma ita ce tazarar da ɗumame ke tsallakewa. Al'adar tafasa miya kafin a kwanta, a rufe, a hana kowa sa ludayi, tana da tushe: tafasar ta wuce digiri 70 da WHO ta nema, tana kashe ƙwayoyin da ke raye, murfin kuma na hana sababbi shiga. Tafasar safe na kashe waɗanda suka farka cikin dare. Abin da ke tsira shi ne ƙoƙon ƙwayoyin da gubar da zafi ba ya rusawa, kuma kowane dare da aka ƙara sabon zagaye ne na hucewa ta cikin tazarar 60 zuwa 5. Tsari ne na dare ɗaya, ba a gina shi don biyar ba. Ga abin da ya fito daga firji ko firiza, ma'aunin ɗumamawa a wurin USDA digiri 74 ne har tsakiya, miya kuma ta tafasa. Narkarwa a cikin firji ake yi, ko a ruwan sanyi da ake sauyawa duk minti 30, ko a zuba daskararriyar miyar kai tsaye a tukunya.

Lamba 0.85 ce ke bayyana abin da ɗakin ajiyar Bahaushe ya dogara da shi tun kafin zuwan firji. Masana abinci na auna ruwan da ƙwayoyin cuta ke iya amfani da shi a jikin abinci da ma'auni daga sifili zuwa ɗaya. Ɗanyen nama da dafaffiyar miya suna kusa da ɗaya. Mafi yawan ƙwayoyin cuta na buƙatar 0.91 zuwa sama, FDA kuma ta ɗauki 0.85 a matsayin iyakar da masu sa ciwo ke daina hayayyafa. Ƙasa da 0.60 ko funfuna ba ta tsirowa. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa, kalkashi, kauɗar tumatir, busasshen kifi, kilishi da naman layya da aka soya har ya ƙame duk ta hanyar rage ruwa suke daɗewa, kuma babu wanda ke jiran wutar KEDCO. Da romo da soyayyen markaɗe a firiza, kaɗa miyar kuka ko ta kuɓewa aikin mintuna ne. Sharaɗin shi ne su zauna a bushe, domin danshin Agusta na mayar musu da ruwan da rana ta cire.

Ga ɗanyen kayan miya, adadin da aka fi ambata kwana 27 ne. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya: tukwanen ƙasa biyu, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a sama. Bayanin masu lambar ya ce gauta ya kai kwana 27 a ciki maimakon 3, tumatir da tattasai kuma mako uku ko fiye. Sanyin na zuwa ne daga ruwan da ke ƙafewa, saboda haka ya fi aiki a rani fiye da damina. A iska mai digiri 40 da danshi kashi 15 cikin 100, mafi ƙarancin abin da ƙafewar ruwa ke iya kaiwa shi ne wajen digiri 20. Wannan ya ishi tumatir, tattasai da attaruhun da aka sayo ranar Asabar su kai Juma'a, amma ya ɗara iyakar dafaffen abinci da digiri 15.